Kada A Kashe Ango, Yana Sabuntawa

Na ga abin da kuke rubutawa a ƙasan ɗan bidiyon nan da ya zagaya, har da mai cewa aljanu ne suka tashi. E, ni ce wadda ta fito da gudu ba takalmi, ɗankwalin gele a karkace. Amma tunda kun ga ƙarshen, ku bari in ba ku farkon.

Sunana Morenikeji. Keji ake kirana a gida, haka ma a layin Otigba na Kasuwar Kwamfuta ta Ikeja, inda nake da 'yar rumfar sayar da rigunan waya da gilasanta. Ranar Asabar ɗin nan dangin Folarin suka zo neman aurena a gidanmu na Agege. Kowa ya zo, har da wata gwaggonsa da aka turo a keken guragu. Folarin ne kaɗai bai zo ba. Yana Kanada, kuma in ya fito yanzu takardunsa ba za su bar shi ya koma ba.

Shi ya sa aka zaunar da kwamfutata ta cinya a kujerar ango.

Broda Dele, yayan Folarin, ya ce ba zai yiwu ƙaninsa ya zauna tsirara gaban surukai ba. Ya yafa wa kujerar babbar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, ya ɗora kwamfutar a kan filo biyu, ya rataya hula a kusurwar allon. In ka hango daga nesa sai ka ce wani gajeren attajiri ne mai faɗin fuska ya zauna yana jiran abinci.

Maami, wato mahaifiyata, ba ta son auren nan, kuma ba ta ɓoye ba. Da safe tana ɗaura min gele, tana jan sa kamar da kaina take faɗa, ta ce, "In gas ya ƙare da tsakar rana, wa za ki aika? Kanada?"

"Maami, ai ni zan koma can."

"Yaushe?"

"Anjima kaɗan, da takardu sun fito."

"Anjima. Ke komai anjima. Ranar da zan haife ki ma sai da kika ce anjima." Ta ƙara jan gelen har girata ta ɗaga. "Ga yaro a gabanki, da ƙafa biyu da ciki da komai, kin tsallake kin je kin ɗauko mai zama a cikin gilashi."

Yaron da take nufi Taju ne. Tajudeen, mai shagon gyaran kwamfuta a saman benen da ke kallon rumfata. Mun yi soyayya da shi, ba zan ɓoye muku ba. Shi ya haɗa min kwamfutar nan da hannunsa. Amma duk lokacin da na taɓo maganar aure sai ya ce in bari shago ya tsaya da ƙafarsa. Shagon bai tsaya ba, ni na gaji da tsayuwa. Ana haka Folarin, wanda muka yi sakandare tare, ya ɓullo ta waya. Mutum ne mai yin abu a kan lokaci, ko barkwanci zai yi sai ya sanar da ni tukuna. Ina son sa. Ku riƙe wannan, don za ku buƙace shi nan gaba, ni ma na buƙace shi.

Maami ta gayyaci Taju wai don ya kula da wayoyin lasifika. Ta kuma aika masa da yadi, ya ɗinko babbar riga. Da na leƙa na ga launin, ruwan zuma ne sak irin na ango.

"Maami, mene ne wannan?"

"Kuskuren mai shago ne," ta ce, tana gyara sarƙarta a madubi.

Maganar anjima kuwa, ta yi gaskiya. Kwamfutar ma shaida ce. Kusan kullum sai ta fito min da ɗan saƙo cikin ladabi: akwai sabuntawa, a yi yanzu ko a tuna miki anjima? Ni kuma ga tsadar data, ga fim ya kai wajen da ake tona asiri. Sai in danna anjima. Ta yi ta haƙuri da ni wata da watanni kamar manemi mai kunya. Ban san kwamfuta ma tana da ranar da take daina tambaya ba.

Saura mutum ɗaya ku sani, Baba Agba, yayan mahaifina marigayi. Shi ne mai ba da aure a danginmu. Daga garin Iwo yake zuwa, kuma ba ya kwana a Legas, ya ce garin da ba a jin carar zakara ba wajen kwana ba ne. Yana sallar la'asar yake hawa mota. Idonsa ya yi yana, inuwar mutum yake gani da launin riga. Maganarsa kuma ɗaya ce. In ya ce "na karɓa," an gama. Akwai wani ɗan baffanmu da Baba Agba ya raɗa wa suna yana zaton mace ce. Mutumin yanzu yana da gemu da 'ya'ya, yana aiki a banki, sunansa Risikatu.

Amarya ba ta fitowa sai an kira ta, don haka ina ɗakin Maami a zaune bakin gado, cikin leshi mai nauyi da murjani har wuyana ya sage. Tagar ɗakin tana kallon rumfar da aka kafa a tsakar gida. Na ɗan ɗaga gilashin taga ɗaya, ina ganin komai: doya a jere an ɗaura musu kintinkiri, kwalaben zuma, buhun gishiri, akwati sabo, masu kalangu a gefe, janareto yana ta tari a bayan gida.

Anti Kofo ce alaga, matar da aka ɗauko ta ja ragamar bikin. Lasifika a hannu, baki ba hutu. Ta tsaya gaban kujerar ango ta riƙe ƙugu.

"Ango, kana jina?"

Fuskar Folarin ta cika allon, ya sha hula shi ma, can safiya ce a wajensu. "Ina jin ki, Ma."

"Roƙo ka zo yi gidan nan, ko kallonmu ka zo yi?"

"Roƙo na zo yi, Ma."

"To ba a roƙon 'yar mutane a zaune. Dobale."

Kowa ya gyara zama, don wannan ake jira. Namiji ya kwanta rub da ciki gaban dangin amarya, ƙirji da haɓa a ƙasa, komai tsadar rigarsa. Wanda bai yi ba, bai roƙa ba. Folarin ya ja kujerarsa baya, ya tattare riga, ya sauka. Allon ya koma nuna labule da wata jakar goyo a rataye.

Baba Agba ya miƙo wuya. "Ina yaron ya shiga?"

"Yana ƙasa, Baba," in ji Broda Dele.

"Ƙasar wa?"

"Ƙasar Kanada, Baba."

"To Kanada ta ba shi mata." Ya buga sandarsa a siminti. "Uban yarinyar nan da ya je neman uwarta, a cikin taɓo ya kwanta, ni na riƙe masa hula. Ƙirjin da bai taɓa ƙasar gidan nan ba, ban san da zamansa ba."

Aka kaure da musu. Dangin ango na cewa ƙasa duk ta Allah ce, namu na cewa amma gidan na Alhaja ne, wato Maami. Ba wanda ke kallon kujerar ango sai ni. Ina gani labulen Kanada ya ɓace, allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, wasu 'yan ɗigo suka fara zagaye. Ban buƙaci in matsa kusa ba, na san rubutun da ke ƙasansu. Ana sabuntawa. Kada a kashe kwamfuta.

Yau ta zaɓa. A duk ranakun duniya.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Folarin ne.

"In tashi ko in ci gaba da kwanciya? Ba na jin kowa."

Na rubuta masa, "Ci gaba. Suna yaba maka."

Maami ce ta fara lura. Ta nuna da mafici, muryarta a sanyaye kamar mai jaje. "Jama'a, ango ya yi shuɗi."

"Sanyi ne," in ji gwaggon mai keken guragu. "Can haka suke yi in ya yi yawa."

Anti Kofo ba ta taɓa barin biki ya mutu a hannunta ba. Ta ce ango ya shiga canza kaya, ta ɗaga wa masu kalangu hannu, suka saki kiɗa. A cikin wannan kiɗan ne dabara ta zo wa Broda Dele. Na ga lokacin da ta zo masa, don fuskarsa ta yi haske. Ya miƙe ya tattare hannun riga.

"Baba, in ƙirji ake so ya taɓa ƙasar gidan nan, ga ƙirji."

Na sa baki a taga na ce, "Broda Dele, kar ka taɓa ta!" Kalangu ya haɗiye muryata. Batirin kwamfutar nan ya mutu tun bara, da igiyar caja kawai take numfashi, shi ma zan canza shi anjima. Broda Dele ya sungume ta da hannu biyu, ya taka zuwa gaban Baba Agba cikin isa. Igiyar ta miƙe, ta ja, ta fizge daga soket da ƙara. Ya buɗe kwamfutar ya baje ta, ya kifa ta a kan tabarma, fuska a ƙasa. Hula ta gangara gefe.

Dangin ango suka yi tafi. Wata ma ta yi guɗa.

Baba Agba ya sa bakin sanda ya ɗan taɓa ta. Ya ƙara taɓawa. "Wannan ba ƙirji ba ne, faranti ne. Ku ɗaga shi ya yi min magana."

Aka ɗaga, aka mayar kan filo, aka maƙala igiya, aka kunna. Ta yi ɗan haske, ta nuna wata fuskar baƙin ciki a kan shuɗi, ta mutu. Ta sake tashi da kanta, ta sake nuna fuskar, ta sake mutuwa. Haka ta dinga yi kamar mai farfaɗiya. Duk tashi sai jama'a su ce "yauwa," duk mutuwa sai su ce "kai."

Shawara ta fara zuwa ta ko'ina. Alfa, malamin unguwarmu, ya ce a matso da ita ya yi mata tofi. Wani ya ce a yi mata fifita. Wata ƙanwar Maami ta ce ita wayarta da ta faɗa ruwa cikin shinkafa aka binne ta ta warke, har ta ɗauko kular dafaduka, sai da aka tuna mata ɗanya ake nufi.

Broda Dele yana gumi ya kira Folarin a wayarsa ya miƙa wa Baba Agba. "Ga shi nan, Baba, shi ne dai."

Baba ya kai wayar dab da hanci, ya mayar. "Ni da mutum mai hula a kan kujera na fara magana. Wannan ɗan abin da ake sawa a aljihu ba zan ba shi 'yar ƙanina ba. Ku dawo min da wancan." Ya gyara zama. "Ina sallar la'asar zan hau mota. In an yi dobale kafin nan, to. In ba a yi ba, sai wata shekarar, in da rai."

Wata shekarar. Baba Agba ya haura tamanin, kuma in ba bakinsa ba, ba limamin da zai ɗaura. Na ji leshin ya ƙara nauyi a jikina.

Nan Maami ta juya, da muryar da take ajiyewa don manyan baƙi. "Taju, ɗana, zo ka duba mana surukinmu."

Ya taso daga bayan lasifika yana goge hannu. Ya sunkuya gaban kwamfutar, ya danne maɓallinta ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa, har ta gaji ta buɗe masa wani shafi da ban taɓa gani ba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya zagayo ta bayan rumfa ya tsaya jikin tagata, ya ba ni baya kamar mai duba wayar wuta.

"Amarya."

"Kar ka fara."

"Ban fara komai ba. Sau nawa na ce miki ki bar ta ta yi abin nan?"

"Taju, za ta tashi ko ba za ta tashi ba?"

"An katse ta a tsakiya. Ta tuɓe tsofaffin kaya, ba ta gama sa sababbi ba aka ɗauke mata wuta. Kunyar fitowa take ji."

"To ka sa mata."

"Hanya biyu ce. Ko in goge komai ta dawo sabuwa fil, wannan sai bayan magariba. Ko in mayar da ita baya, zuwa ranar da take lafiya."

"Wace rana?"

Ina ganin bayan wuyansa ta tsakanin gilasai, gumi na bin aikin rigar. "Rana ɗaya na ajiye mata a wani lungu. Ranar da na ba ki ita."

Na tuna ranar. Ya rufe shago da wuri, muka hau mota har bakin teku, ruwa ya jiƙa min siket, muka sayi gasasshiyar masara guda ɗaya don ita ta rage wa mai sayarwa. Na kori tunanin kamar ƙuda.

"Kayana za su ɓace?"

"Hotunanki da takardunki na nan. Manhajar kira ma na nan, ni na sa miki ita tun farko. Kwalliyar da kika canza ce kawai za ta koma yadda take."

Ban tsaya tambayar wace kwalliya ba. Da na tambaya.

"Yi kawai."

"Kalmar sirri?"

Na hau gyaran murjanin wuyana.

"Keji, lokaci na tafiya."

"Tana nan yadda ka sa ta."

Sai a lokacin ya juyo ya kalle ni. "Ba ki canza ba?"

"Na ce zan canza anjima."

Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ku kuma kar ku tambaye ni kalmar, har yanzu ita ce a bankina.

Ya juya zai tafi na ce, "Taju. Me ya sa za ka gyara?"

"Ba a taɓa kawo min matacciya na mayar da ita matacciya ba," ya ce. "Ko ta wane ne."

Ya koma ya danna abin da zai danna. Wani dogon layi ya fito a allon ya fara cika a hankali, kamar ana ɗura ruwa da cokali. Ya ɗaga murya ya ce wa jama'a, "Don Allah kar wanda ya taɓa. In wuta ta ƙara yankewa a wannan karon, sai dai a yi mata sallah."

Hular ango na nan yashe a ƙasa tun ɗazu. Gwaggon mai keken guragu ta ce hular ango ba ta zama a ƙasa, ba kyau. Taju ya ɗauka. Hannunsa ɗaya na riƙe da igiya, ɗayan da sukudireba, sai ya ɗora ta a kansa kafin ya sami wajen ajiyewa.

A daidai nan allon ya yi ƙyafta. Soket ɗin da igiyar ke ciki yana ƙarƙashin kujerar Baba Agba, tare da na fankarsa, kuma fizgar da Broda Dele ya yi ta tsaga bakinsa. Kan cajar ya fara zamowa. Taju ya yi tsalle ɗaya ya zube, ya zura hannu can ƙarƙashin kujera ya danne shi. Allon ya tsaya. Ya gwada sassautawa, allon ya sake ƙyaftawa. Ya mayar da hannu.

"Broda Dele," ya ce daga ƙasa, "a samo wani soket."

Broda Dele ya fita da gudu neman soket a layi. Taju ya zauna a yadda yake. Wato ya kwanta a yadda yake: rub da ciki, ƙirji a siminti, haɓa a tabarma, hannu a miƙe wajen ƙafafun Baba Agba.

Ba wanda ya ga komai a ciki, ni ma ban gani ba. Mai gyara ne yana gyara. Anti Kofo ta ce a kawo abinci kafin ango ya gama shiri. Aka fara rabon amala da miyar ewedu, dafaduka da soyayyen nama, masu rabo suna tsallake ƙafafun Taju da tire. Baba Agba ya cinye malmalarsa, ya wanke hannu, ya jingina, fanka na kaɗa shi, barci ya ɗauke shi. Layin allon ya wuce rabi.

Wayata ta yi ƙara.

"Har yanzu ina ƙasa. Kafet ɗin nan warin kare yake."

"Yi haƙuri, saura kaɗan."

"Wanda muke haya tare ya leƙo, ya ce ko ya kira motar asibiti. Na ce masa aure nake yi."

Na yi dariya har hawaye ya ɓata min kwalli. Mutum yana can ƙarshen duniya kwance a kan warin kare saboda ni. Na ɗaga kai na kalli tsakar gida. Ga wani ma a kwance. Hannunsa na kan cajar, bai saki ba. Na ce wa zuciyata ta kama kanta, yau ba ranar lissafe-lissafe ba ce.

"Keji, zan makara aiki," Folarin ya sake rubutowa. "Da ta tashi zan kira. Ki ɗauka da kanki, ina so in ga fuskarki."

Sai ladan ya kira la'asar.

Baba Agba ya buɗe ido. Ya laluba sandarsa zai miƙe, ƙafarsa ta taɓa wani abu mai laushi. Ya sunkuya. Ya ƙanƙance ido. Ni daga taga na ga abin da yake gani: babbar riga ruwan zuma, hular ango, mutum a shimfiɗe tun daga haɓa har yatsun ƙafa.

"Wane ne wannan?"

Ba wanda ya amsa, bakin kowa da nama.

"Tun yaushe yake nan?"

Maami ta ajiye cokalinta a hankali. Wallahi ba ta yi ƙarya ba, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi. Ta ce, "Tun kafin ka fara cin amala, Baba."

"Tun kafin in fara cin amala." Baba Agba ya girgiza kai, muryarsa ta yi rauni. "Ina barci yana kwance. Bai tashe ni ba. Ka ga ɗan da aka haifa."

"Baba," in ji Taju daga ƙasa, "ni ba..."

Maami ta ɗaga mafici sama. Ban san me ta yi wa masu kalangu alkawari ba, amma sun saki kiɗan da sai da kwanon rufi ya amsa. Dangin ango suka miƙe suna ɗaga hannu suna magana, ba a jin ko ɗaya. Gwaggo na buga hannun kekenta. Anti Kofo ta kai lasifika baki, ta ga ba ya aiki, don mai kula da wayoyinsa yana kwance a ƙasa.

Nan ne wajen da bidiyonku ya fara. Ban jira a kira ni ba. Na watsar da takalma, na ture labule, na bi ta kan doya, na kifar da kwalbar zuma. Ina jin gele na zamewa. Ina ihu, "Baba, tsaya, ba shi ba ne!"

Na iso dab da kujera lokacin da tafin hannunsa ya sauka a kan hular.

"Na karɓa," in ji Baba Agba.

Kiɗa ya tsaya cak. Janareto ne kawai bai ji labari ba. Broda Dele ya shigo da sabon soket a leda, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kowa.

A cikin wannan shirun kwamfutar ta yi 'yar waƙarta ta tashi. Ta tashi lafiya lau, garau, kamar ba ita ba. Ta kuma tashi da kwalliyarta ta ranar farko. Hoton da ya cika allon ni ce da Taju a bakin teku, siket a jiƙe, masara ɗaya, baki biyu.

Jama'a suka matso. Wata ta ce, "Ikon Allah." Baba Agba ya miƙa wuya ya ƙura wa allon ido, ya ga launuka biyu a manne da juna.

"Ai ga su nan ma," ya ce. "Har na'urar ta shaida. Ku ba ni buta."

Maami ta sa gefen mayafi tana share idon da ba hawaye.

Sai allon ya fara ƙara. Sunan Folarin ya fito a kan hoton, daidai kan masarar, yana rawa. Ɗazu ya ce in ɗauka da kaina, yana so ya ga fuskata. In na ɗauka, fuskata zai gani, da hularsa a kan wani, da hannun Baba Agba da bai gama janyewa ba.

Na ji an taɓa gefen zanena. Taju ne, har yanzu yana ƙasa, haɓarsa duk shatin tabarma. Ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Keji, hannuna ya mutu. In na saki, ta ɗauke, bai ga komai ba. In riƙe ko in saki?"

Na durƙusa gaban kujerar ango, zuma na bin tafin ƙafata. Maɓalli biyu ne a ƙasan sunan Folarin. Babba kore, an rubuta amsa. Ƙarami a gefensa, an rubuta tuna min anjima.

Yatsana ya san hanya. Kafin in yi tunani har ya kama hanyar wanda ya saba dannawa, sai da na sa ɗaya hannun na riƙe shi.